Masu Gadin Jikin Ƙanena

Lokacin da muke tasowa a Daura kumburi ba abin tashin hankali ba ne. Maruru ya fito, a bar shi ya nuna, wanzami ya sa kibiya a wuta ya yi sakiya, ruwa ya fita, kwana bakwai an koma gona. Yanzu ko ƙurji na gani a wuyan mutum sai gabana ya faɗi.

Na yi shekaru ina fataucin fata, na zauna Agadas, na zauna Khartum, na ɗan taɓa Abijan. A Khartum wani ma'aikacin asibiti da muke haya gida ɗaya ya gaya mini da Larabci cewa akwai wasu fararen ƙwayoyi masu gadin jiki, suna haɗiye duk ƙazantar da ta shigo, kuma zafi da kumburi alama ce suna bakin aiki. Na haddace maganar kamar karatun allo. Da na dawo gida, duk wanda ya yi ciwo a danginmu ni ake tambaya, wai na ga duniya.

Ƙanena manomi ne a wani ƙauye bayan Sandamu. Wata rana a lokacin kaka ya hau babur ya zo ya nuna mini wani ƙullutu a gefen wuyansa, kamar ƙwan zabuwa, ba ya ciwo. Matarsa ta so a je asibiti, ni na ce a yi sakiya. Aka yi, ba ruwa, sai ɗan jini. Wurin ya ɗau zafi ya ƙara tasowa, na ce masa masu gadi ne suka taru, ya ba su lokaci. Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, ka ce su hanzarta, damina ba ta jiran kowa."

Sai da aka yi shuka aka gama noman fari, tuwo ya fara tsaya masa a maƙogwaro, sannan muka tafi Kano. Aka yanki ɗan nama aka auna. Likitar mace ce, sa'ar 'yata. Ta bari ya fita alwala, ta ce mini ciwon daji ne, kuma ya kai huhu. Na tambaye ta ina masu gadin suka shiga har haka ta faru.

"Suna nan, Baba," in ji ta. "A wurin ma suka fi yawa. Ciwon suke yi wa aiki."

Ta juya takarda ta zana mini. Ta ce sunansu makrofej, aikinsu biyu: kashe baƙo, da gyaran rauni. Ƙullutun yana fitar da wani abu da ke kiransu kamar yadda rauni ke yi. In sun zo sai ya juya su ga gyara. Su ke jawo masa sababbin hanyoyin jini ya samu abinci, su ke hana sauran ƙwayoyin da za su yaƙe shi motsi, su ke sassauta naman da ke kewaye har ɓurɓushinsa ya samu hanya ya bi jini.

A iyakokin da na ƙetare na ga masu gadi da yawa suna buɗe ƙofa ga wanda bai kamata ba, amma duk sun san abin da suke yi. Waɗannan a ganinsu jinya suke yi. Na tambaye ta ko sakiyar ce ta jawo. Ta ce a'a, watannin da aka yi ana jira ne. Ba ta tambayi wanda ya ce a jira ba.

A mota, bayan mun wuce Kazaure, yana ta kallon geron mutane. Ya ga takardar a hannuna, ya tambaye ni me likitar ta zana, na ce bayanin magani ne. Ya ce to Alhamdulillahi, dama maimai ke damunsa, ciyawa ta yi yawa bana. Ba a yanke geron da shi ba, Allah ya ji ƙansa.

Matarsa har yau in na je ta durƙusa ta gaishe ni kamar da, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta tayar, da na samu abin cewa. Takardar tana cikin akwatina tare da tsofaffin fasfo. Tun daga nan duk wanda ya kawo mini ciwo nakan ce ban sani ba, a tafi asibiti yau. Dangi sun daina tambayata.