Yaɗiyar Kawu Lawali

Duk wanda ya taɓa wanke wa Kawu Lawali riga ya san sai an zazzage aljihu kafin a jiƙa. Ƙwallon dabino, 'ya'yan kankana, irin gauta, har da abin da shi kansa ya manta sunansa. Ko a gidan biki ne ba ya yar da ƙwallo, sai ya tsotse shi tas ya zura aljihu yana kallon mutane ido cikin ido. Wata damina an manta da rigarsa a jiƙe cikin bokiti, wake ya tsiro a aljihun. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a bar rigar tukuna a ga ko zai yi fure.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ke da moto, wato babur, don haka duk wata wahalarsa ta shuka a bayana take hawa.

Maganar rumfa ta taso ne bayan matarsa, Inna Habsu, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ta iya takawa sai an riƙe ta, ɗakinta a gidansu na unguwar Zariya kamar tanda yake da bazara, bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida kuma iska ta riga ta kayar da ita. Kawu ya kafa dirkoki, ya gitta sanduna da waya, ya bar saman a buɗe. Babban ɗansa Sanusi ya bugo daga Yamai ya ce zai aiko da kwanon rufi, tol kamar yadda muke cewa.

"Tol bisa kan marar lahiya?" in ji Kawu. "Gasa ta za ku yi ko soya ta?"

Zana ma ya ƙi, wai gara na cin ta kuma ba ta numfashi. Ya rantse a gabanmu cewa Hajiya, haka yake kiranta, sai ta zauna ƙarƙashin ɗanyen ganye a tsakiyar bazara, ba a damina ba, lokacin da kowane banza ke iya yin kore.

Da Sanusi ya ga ba tol, sai ya zo da wata fulawa a tukunya, mai jan fure da ƙaya, irin wadda ke lulluɓe katangun manya a Yamai. Kawu ya zagaya ta, ya shinshina, ya tambaya ko ana cin ta. Aka ce a'a. Ana magani da ita? A'a. Ya ce to shi bai taɓa shayar da wanda aikinsa kwalliya kaɗai ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Tukunyar dai ya riƙe, ya ce ita tana da amfani.

Shekarar farko duma da soso ya shuka. Wallahi da damina abin ya yi kyau! Ganye ya rufe ko'ina, duma na reto, har ɗaya ya buge hular limamin unguwa da ya zo gaishe da Inna. Gidajen layinmu kaf sun samu soson wanka kyauta. Amma sanyi na shigowa komai ya bushe, bazara ta tarar da rumfa tsirara, Inna ta koma ɗaki tana fifita da hannunta mai lafiya. Na ga Kawu tsaye yana kallon busassun igiyoyin, ransa a ɓace ƙwarai, ya ce waɗannan 'yan ƙwadagon damina ne, ya sallame su.

Sai inabi. Ya ji labarin wani mai lambu a Jiratawa da ke da shi, ya tasa ni gaba da rana tsaka. A hanyar dawowa ya buɗe lema a bayan moto, na ji daɗi na ce yau Kawu ya tausaya mini. Ashe dashen inabin da ya karɓo ya rufe, ni da shi muna shan rana. Ya dasa, ya kewaye da ƙaya, yana ba shi ruwan alwalarsa. Inabin ya fara hawa dirka ke nan akuyar maƙwabcinsa Malam Nomau ta shigo ta share shi har ƙasa. Malam Nomau ya zo yana ba da haƙuri, ya ce a faɗi abin da za a yi. Kawu ya ce ba ya son komai sai a riƙa tara masa kashin akuyar.

"Inabina na cikinta. Ko ta wace ƙohwa ya hito, nawa ne."

Takin ya karɓa har watanni, amma inabin bai sake tashi ba. Bazara ta biyu ta yi nisa, Inna na ɗaki. A nan ni ma na gaji, na ce masa a sa tol ɗin mana, ko na wucin gadi ne. Ya yi mako bai amsa gaisuwata ba.

Ranar da ya huce, Tibiri na kai shi ta'aziyya. Zafi ake kamar me, ko'ina ya ƙone. Muna gab da shiga gari ya dafe mini kafaɗa ya ce in tsaya. A kan wani busasshen shingen ƙaya, yaɗiya ce ta hau ta yi shar, ba mai ba ta ruwa, ba mai kallonta. Ya tsuguna da babbar rigarsa ta zuwa gaisuwa, ya tono ta da saiwa, muka shiga gidan makoki da ita a ƙunshe cikin hula.

Unguwa ta yi dariya har ta gaji. Wa ya taɓa dasa yaɗiya a gida, ciyawar da jakuna ke ci a bakin hanya? Inna da kanta ta ce za a ce gidanta ana noman abincin shekarar yunwa. Kawu ya ce ai shi ya sa ya ɗauko ta, ita ce ba ta gudu in abu ya yi tsanani. Sai dai yaɗiya ta fi son rarrafe a ƙasa, shi kuma ya ce sama za ta hau ko tana so ko ba ta so. Ya yayyaga tsohon rawaninsa yana ɗaure ta reshe-reshe a jikin dirka, kullum da safe yana mata faɗa kamar ɗiyar da ta ƙi zuwa lakwal karatun boko.

Da ta fara yin ganye sai matan maƙwabta suka tuna tana daɗin kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ya sa kujera a gindinta da sanda, ba mai tsinkar ko ganye ɗaya. Rannan Inna, don tsokana, ta ce kwaɗon yaɗiya take marmari. Ya dubi rumfa, ya dube ta, ya dube ni.

"Tada moto. Akwai wata Tibiri."

Bazarar da yaɗiyar ta rufe rumfa, ni da shi muka riƙo Inna muka fito da ita, muka zaunar da ita a kan katifa. Ganye ya yi duhu a sama, iska na ratsowa da sanyi-sanyi. Kawu ya yi tsaye yana jiran yabo. Ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna wani ɗan gurbi ta gefen yamma inda rana ke zubowa a kafaɗarta.

"Malam, rumhwarka na yoyo."

 Ya je ya tsaya daidai wurin, bayansa ga rana, inuwarsa ta faɗa kanta. Duk bazarar nan, da la'asar ta yi, a can za ka same shi tsaye, gumi na bin wuyansa, yana ce wa masu shigowa yaɗiya ce ta yi latti shi yake riƙe mata aiki. Mun yi ta dariya, amma ni ranar farko sai da na juya na share ido.

Da damina Kawu ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Gurbin bai rufe ba sai bayansa, kuma har yau Inna ba ta yarda a matsar mata da katifa daga wurin.

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yafe masa taurin kansa, ya sanyaya makwancinsa. Ranar da rana za ta matso kan bayi, ya Allah ka sa shi a inuwarka, ka zaunar da shi ya huta. Amin.