Tambayar da Na Yi wa Ɗanladi

Har na yi ritaya ban manta da Litinin ɗina ta farko a kotun majistare ta Sabon Gari ba. Kafin nan na daɗe ina magatakarda a kotun shari'ar Musulunci, sai aka mayar da ni kotun majistaren a matsayin tafinta. Aikin tafinta shi ne idan an karanta tuhuma da Turanci ya faɗa wa wanda ake tuhuma da Hausa, sannan ya mayar wa kotu amsarsa. In mutum ya amsa laifi, ba a neman shaidu, sai hukunci.

Da hantsi aka shigo da Ɗanladi, wani Kirista daga Jama'a mai tuƙa keke mai ƙafa uku. Kekensa ya afka wa rumfar mai kayan miya a Samaru, 'yan sanda suka same shi a ciki yana warin burkutu. Tuhumar ita ce tuƙi cikin maye.

Na dube shi na ce, "Ana tuhumarka da shan giya. Ka sha ko ba ka sha ba?"

Ya ce, "Na sha, Malam. Biki muka je."

Na juya na shaida wa kotu ya amsa laifinsa. Majistaren, wata dattijuwa 'yar Wusasa, ta ajiye biro.

"Malam Sani, me ka tambaye shi?"

Na maimaita.

Ta ce, "Inda ka baro, shan shi ne laifin, kuma Musulmi ake kaiwa can. Nan ba sha aka kawo mini ba, tuƙi aka kawo mini. Tambaye shi wa ke riƙe da kan keken."

Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Ɗanladi ya ce da ya ji kansa ya yi nauyi sai ya miƙa wa surukinsa makulli ya koma baya. Surukin ne ya yi karon, ya tsere. Aka ɗage zama. Da aka dawo, mai kayan miyar da kanta ta ce a kujerar baya ta gan shi. Aka sallame shi.

Da amsar farko aka rubuta, da gidan yari zai kwana, lasinsa ma ya tafi, ga iyali.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata: kotunan nan biyu tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, amma kowace da abin da take kira laifi. Mutanenmu kuwa abin da ka tambaye su shi suke amsawa, da gaskiyarsu. Saboda haka ka san tuhumar da ke gabanka kafin ka buɗe baki.