Bidiyon Ɗiyata Ya Ƙi Buɗewa, Na Kusa Kashe Mata Aure

Malam Edita, ina gaishe ka, da kai da masu karatunka. Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawa guda ne a cikin labarin nan, kuma shi ne yake riƙe da biron. In ka ga rubutun ya karkace ka miƙe shi, domin ni da boko tun a firamare muka rabu, kuma ba ni na gudu ba, shi ne ya ga ba zai iya da ni ba. Lokacin da abin ya faru ni kamasho ne a tashar bakin iyaka a Jibiya, ina lodin motocin Maraɗi. Na tsufa a aikin har direbobi suna ce mini Baba. Na kuma ɗauki kaina mai gane mutane, in na dubi fasinja sau ɗaya na san ko zai yi rigima a kan kujerar gaba. Wannan ganewar ce ta kai ni ƙasa.

Ina da ɗiya, ita ce 'yar farina. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke nan. Ba na kiran sunanta, ba na zama inda take zaune, in ta durƙusa ta gaishe ni bango nake amsa wa. Ana yaye ta yayata ta ɗauke ta riƙo zuwa Maraɗi, can ta yi lakwal, wato bokonsu na Faransanci, ta zama ungozoma ta asibiti, can kuma ta samu miji, wani yaro mai aiki a ƙaramin gidan tele, wato talabijin, a Tawa. Shi ne mai saɓa kyamara. Ban hana auren ba, amma bakina bai yi shiru ba. Na taɓa faɗa a tasha, gaban direbobi, cewa namiji da gemunsa ya saɓa akwati a kafaɗa yana leƙen mutane ta ɗan rami, in wannan sana'a ce to ni ma gwamna ne. Aka yi dariya. Na kuma san direbobinmu, magana ba ta kwana a bakinsu sai sun tsallaka da ita, kuma 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, ba sa tare ta.

Wata rana wani direba, mutumin Bugaje ne, mun daɗe tare, ya zo tasha yana nuna wa mutane waya. Gidan telen nan sun yi hira da ɗiyata a kan awon ciki, sun sa a shafinsu na intanet. Aka taru ana kallo, ana ce mini Baba ga ɗiyarka ta zama babbar mutum. Na tsuke fuska na ce ni ina da aiki, na tafi ina kiran Maraɗi, Maraɗi, alhali motar ta riga ta cika. Da la'asar direban nan ya ce in ara masa wayata zai duba wani abu. Da ya mayar mini na ga wata sabuwar alama a fuskar wayar.

Tun daga ranar, in an yi azahar tasha ta yi sanyi, sai in zagaya bayan rumfa, akwai wata mota da ta mutu ba tayu, in shiga in zauna in danna alamar nan. Ga ta nan da farar riga, tana magana tana juya hannu kamar yadda marigayiya uwata take yi. Tun da aka haife ta ban taɓa kallon fuskarta na ƙare ba sai a cikin motar nan. Hirar gajera ce, amma na kalle ta har na haddace. Ni da gemuna fari na san watan da mai ciki za ta fara zuwa awo, na san abin da kumburin ƙafa yake nufi. Har na taɓa shagala na yi wa wata fasinja faɗa a kan ta daina ɗaukar buhu da tsohon ciki, mijinta ya tsaya yana kallona yana neman inda muka san juna.

Ana nan wayar ta suɓuce daga aljihuna ina ɗaure kaya, wata kaminyo, babbar motar kaya, ta bi ta kanta. Ƙanen ɗiyar tawa da ke kasuwanci a Kano ya aiko mini sabuwa fil, faffaɗa, mai santsi kamar sabulu. Na miƙa wa direban nan na ce ya sa mini abubuwan da ke cikin waccan. Ya gane, ya sa alamar, ya miƙo mini bai buɗe ba. Ana sallame azahar na shige motata. Shafin ya buɗe, ga sunan gidan telen, ga rubutun Faransanci, amma inda fuskarta take fitowa sai wani fili toka-toka. Na danna, shiru. Na goge da hannun riga, na kashe na kunna, na cire layi na hure shi na mayar. Filin na nan.

Da farko na ce matsalar sabis ce. A nan wajenmu waya takan rasa ƙasarta, yanzu ta kama na Najeriya, in ka matsa gindin bedi ta kama na Nijar. Na yi tunani irin na masu ilimi, na ce kayan Nijar ai sai layin Nijar. Na sayi layinsu, na shiga mota na tsallaka har Ɗan Isa. Jandarman da ke bakin hanya ya san ni, ya tambaye ni yau kamasho ne ya zama fasinja, ina zuwa. Na ce shayi zan sha. Ya ce shayin Jibiya ya ƙare ne. Na zauna bayan wani masallaci na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Filin nan toka-toka ya bi ni har ƙasar waje.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya miƙa wa mai gyara. To in miƙa masa ya ga me? Ya ga tsoho yana ɓuya yana kallon 'yar farinsa? Kafin magariba duk tasha ta ji. Sai na je wurin wani mai gyaran waya a kasuwa, na bar wayar a aljihu, na yi masa tambaya irin ta wayo. Na ce wani abokina ne yake son ya sani, shin mutum yana zaune a Nijar zai iya rufe wa mutum ɗaya tak hanyar ganin abu a waya, sauran jama'a suna gani. Yana tsakiyar liƙa wani abu, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce sosai ma, ana yi kullum, bulokin ake ce masa. Na ce Allah ya yi masa albarka. Washegari kuma ina wucewa ta jikin motar direban nan sai na ji muryar ɗiyata tana fitowa daga tsohuwar wayarsa, yana nuna wa wata fasinja. Tasa tana buɗewa, tawa ba ta buɗewa. Wa ke aiki a gidan telen? Surukina. Wa na zaga a tasha? Surukina. Ni a wurina alƙali ma ya gama shari'a.

Na ɗauki abin a raina ina juyawa. In na shiga motar nan sai in zauna ina kallon filin banza, ina raya cewa yaron nan ya ɗauke mini ita sau biyu ke nan. Tsohuwata, uwar yarinyar, ta ga na rage cin tuwo, ta tambaya, na ce haƙori ne. Da sallah ta matso sai ga saƙon surukin kamar yadda ya saba, cuku da dabino da rawani mai kyau, kuma direban nan ne ya kawo. Na ce ya mayar. Ya ce Baba ka san abin da mayar da kayan suruki yake nufi kuwa. Na ce na sani tun ba a haife shi ba. Ya roƙe ni, ya ce ko dabinon in riƙe. Na ce ya je ya gaya musu, wanda ya rufe mini ƙofa ba na cin dabinonsa. Na faɗa da ƙarfi don mutane su ji, na kuma ji daɗin yadda maganar ta fita.

Can Tawa ba wanda ya gane wace ƙofa ce. Abin da suka gane shi ne uban yarinya ya mayar da kaya, wato ɗiyarsa yake so. Bayan sallah da 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga mota a ƙofar gidana. Baffan surukina ne, dattijo mai carbi, da yaron, da ita. Na ga an sauke akwatinta an shiga da shi cikin gida, alhali ni ban aika a kawo akwati ba. Aka kira limamin unguwa muka zauna a zaure. Baffan ya yi magana a hankali. Ya ce sun bincika a gidansu, sun tambayi yaro, sun tambayi yarinya, ba su gano laifin ba. Ya ce tun da kayan nan suka koma yarinyar ba ta da aiki sai kuka. Ya ce su ba za su ja da uba a kan ɗiyarsa ba, in rabuwa nake so yaro zai yi biyayya yau ɗin nan, amma don Allah in faɗa musu ƙofar da aka rufe, ko don su san abin da za su gaya wa dangi.

Malam Edita, na yi lodin motoci a cikin rana mai narka kwalta, ban taɓa yin zufa irin ta zauren nan ba. In na yi shiru aure ya mutu. In na yi magana, kunyar da na riƙe tun haihuwarta ta zube gaban suruki da liman, ga kuma mata a bayan zana na san kunnuwansu a tsaye suke. Na laluba aljihu na fito da wayar. Na danna alamar, na tura ta gaban yaron a kan tabarma, ina kallon rufin zaure. Na ce ga ƙofar nan. Na ce kullum ina gani, rana ɗaya ya hana ni.

Ya ɗauka ya duba. Ya yi ta dubawa har na ɗauka ya amsa laifinsa. Sai ya zaro tasa wayar ya daddanna ya ajiye kusa da tawa. Fili toka-toka, irin nawa sak. Kansa a sunkuye ya ce Baba shi ma tasa ba ta buɗewa, ta shugaban gidan telen ma haka. Ya ce bidiyon shafinsu ba ya tashi da kansa, sai da wani ɗan abu da ake liƙa wa burauzar waya, wato abin da ke buɗe shafi, Filash sunansa. Masu yin abin sun daina yi wa wayoyi, shi ya sa tsofaffin wayoyin da suka riga suka samu suke ci gaba da nunawa, sababbi kuwa ba su da shi, kuma ba inda za a samo musu. Ni dai yadda na fahimta, fasinja na nan, mota na nan, kamashon da ke haɗa su ne ya bar aiki. Na tambaye shi wato ba ni kaɗai ba ne. Ya ce duk duniya ne. Liman ya kama tari, irin tarin da ba na maƙogwaro ba. Baffan ya ce to wa ke cikin bidiyon da har ake wannan tashin hankali. Daga bayan zana na ji ɗiyar tawa ta fashe da kuka, kukan ya koma dariya, dariyar ta sake komawa kuka.

Yaron nan da na ce ba shi da sana'a ya tashi ya ɗauko kwamfutarsa a mota. Ainihin hirar na ciki, tunda shi ya ɗauka. Ya juya ta yadda kowace waya za ta karɓa, ya zuba a memori, ya sa mini, ya ce yanzu ko ba sabis za ta buɗe. Bai kunna ba. Ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce a dawo mini da cukuna da dabinona, ai ni ajiya na ba su. Baffan ya ce dabinon kam yara sun cinye, sai dai rawani. Da yamma aka fito da akwatin aka mayar a mota. Ta zo ta durƙusa sallama, na amsa wa bango kamar kullum, sai dai bangon ranar ya sha albarka mai tsawo. Motar na juyawa na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Yanzu haka suna nan lafiya da 'ya'yansu, kuma gidan telen ma sun gyara shafinsu tuni.

Abin da nake so tsofaffi irina su ji shi ne, wayar nan ba mutum ba ce, ba ta gaba da kowa. In abu ya daina buɗewa, ba lallai wani ne ya zauna ya yi maka ƙulli ba, wataƙila wasu ne can da ba su san an haife ka ba suka canza aikinsu. Ka miƙa wa wanda ya sani ya gani da idonsa, kada ka yi masa tambayar abokina ne ya aiko ni, domin amsar abokinka za a ba ka. Abin da kake so ƙwarai kuma ka sa a sauke maka shi a memori. Kada kuma ka mayar da kayan suruki kafin ka ji bakinsa.

Wannan wa'azin na fara gwada shi a gida kafin in rubuto maka. Na zauna na gyara rawani, na ce wa tsohuwata in an bi diddigi laifin Turawa ne da suke janye abu ba sanarwa, ni kuwa abin da na yi riƙon al'ada ne, mutum ba ya sakin kunyar ɗan fari don waya. Tana tankaɗe, ko tsayawa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ni na yi naƙudarta, na fi ka kunyarta, kuma duk Juma'a sai na ari wayar maƙwabta mun gaisa. Kai kunyar kiran sunanta ka ji, ba ka ji kunyar kashe mata aure ba."