Ranar da Malam Tsaf Ya Gyara Waƙar Kawu

Shekara ashirin da shida Malam Tsaf ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke jikin katangar kotu. Da tafireta ya fara, ya koma kwamfuta, amma hali na nan yadda yake. Duk rubutun da aka kawo sai ya cire maimaici, ya miƙe maganar da ta karkace, ya haɗe gajerun layuka. In ya gama sai ya rubuta abin da ya taɓa a rajista, sannan ya yayyaga takardar hannun, don kada asirin wani ya kwana a shagonsa. Nan ya samo laƙabinsa.

Wata Litinin kawunsa, tsohon direban babbar mota wanda idonsa ya soma dushewa, ya kawo masa shafi uku. Waƙa ce ya rubuta wa marigayiya matarsa tun yana kan hanya, kuma babu wani kwafi. Malam Tsaf ya yi mata aikin da ya saba, ya mai da ita shafi ɗaya cif.

Bayan mako biyu aka kwantar da Kawu za a yi masa aikin ido. Ya aiko cewa a zo a karanta masa waƙar ranar Alhamis, kafin a shiga da shi. Ran Laraba da hantsi Malam Tsaf ya biya gidan yayarsa, malamar makaranta mai ritaya, ya miƙa mata takardar yana jiran yabo.

“Wannan takardar neman aikin wa ce?”

“Waƙar Kawu ce, Yaya.”

“Waƙa? To ina ainihin rubutun?”

Ya dubi takalminsa. Yaya ta cire tabarau ta ajiye.

“Ka yaga. Auta, kai ko kukan jariri aka kawo maka sai ka cire maimaici!”

Sai a lokacin Malam Tsaf ya tuna: Kawu ya fara mantuwa, ba lalle ya iya kawo ko rabinta da ka ba.

Yaya ta ture kwanuka daga kan tebur, ta ɗauko jan biro. Ta ce ya karanta da ƙarfi, a hankali. Da ya zo kan “tafiya” ta ja layi. Da ya zo kan “jiya” da “duniya” ta sake ja.

“Ka ji? Wannan shi ne amsa-amo. Duk inda ka ji ‘ya’ ta faɗo, ƙarshen baiti ke nan. Nan kuma me ya kawo ‘wahala’?”

“‘Gajiya’ ya rubuta. Na ga wahala ta fi nauyi.”

“Mai da masa gajiyarsa.”

Can ta tsaya kan “na hau hanya”, ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Ta ce layin yana ɗingishi, bugunsa bai kai na ’yan’uwansa ba, kuma wannan bugun shi ake kira kari. Malam Tsaf ya sosa ƙeya.

“Cewa ya yi hanya ta kira shi. Na ga hanya ba ta da baki.”

“Kai da kake cewa injinka ya yi fushi, shi zuciya gare shi?”

Saura maimaicin. Nan Malam Tsaf ya buɗe rajistarsa. Ga shi da rubutunsa: an cire “Ajiye mini ruwa, zan dawo lafiya” sau bakwai, an bar ɗaya. Yaya ta tafa hannu.

“Amshi ke nan! Baiti takwas ashe. Yau dai tsiyarka ta yi rana.”

Kafin la’asar sun ta da baiti bakwai. Na shida ne ya gagara: ɗangon farko, wato layinsa na ɗaya, yana nan, na biyu kuwa ya narke cikin gyara, ba mai iya tuno shi.

Ranar Alhamis da safe Malam Tsaf ya zauna bakin gadon Kawu, Yaya na tsaye a gefe, ya fara:

“Na bar ki bakin ƙofa da safe,
Hanya ta kira ni, na kama tafiya.”

Yatsan Kawu ya soma buga ƙarfen gado. Amshi na uku tare suka yi shi. Da aka zo baiti na shida, Malam Tsaf ya karanta, “Birni bayan birni na wuce,” sai ya tsaya, don nan rubutun ya ƙare. Yatsan bai tsaya ba. Kawu ya lumshe ido ya ce:

“Ke ce tashar da ke cikin zuciya.”

Yaya ta yi wuf ta rubuta a tafin hannunta.

Da suka kai ƙarshe, Malam Tsaf ya faɗi gaskiyar abin da ya aikata, bai rage komai ba. Kawu ya yi dariya har nas ta leƙo.

“Ja’iri! Ni ma na taɓa kwance inji na rasa ƙusa uku. Tunda motar ta tashi, ba komai.”

Aka tura gadon. Malam Tsaf ya jingina da bango, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Har yau yana shagon. Sai dai ya sayi akwatin ƙarfe da kwado, inda takardun hannu ke yin wata uku kafin ya yaga su. Kuma in ya ga gajerun layuka, yakan ɗaga kai ya ce, “Malam, karanta mini in ji tukuna.”