Hannu Ɗaya a Ƙirji, Ɗaya a Sake

Ramin zinari ya rufta da mu a dajin Bukkuyum. Mu huɗu muka shiga, mu biyu muka fito. An kai ni wurin wani maɗori a Gummi, ya ɗaure mini hannun dama da karare har wata biyu. Da aka kwance, ƙashi ya kama, amma hannun ya ƙi miƙewa. Ya lanƙwashe a gwiwa ya kwanta a ƙirjina, nan yake har yau. Na hagu lafiyarsa lau. Da shi nake noma, da shi nake cin tuwo, ba malamin da ya hana ni.

Ƙauyenmu na ƙasar Anka masallaci biyu gare shi. Tsohon na ƙasa ne, limaminsa Kawu, ƙanen Inna. A can sadalu ake yi, wato mutum ya saki hannuwa a gefe idan ya tsaya sallah. Sabon na bulo ne, da kwano da lasifika. Limaminsa Yaya, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi karatu a birni ya dawo da ƙabalu, wato naɗe hannuwa a ƙirji. Alƙiblarsu ɗaya, yawan raka'a ɗaya, amma sun yi shekaru ba su sa hannu a akushi ɗaya ba.

Ni ban yi karatu ba. Inda sallah ta riske ni nan nake yi.

Ranar da na fara fita bayan jinya, na yi la'asar bayan Kawu. Na yi kabbara, hagu ya sauka, dama ya tsaya inda yake. Ana sallamewa na ga sahu duka ni yake kallo. Taubashina, ɗan Kawu, ya matso yana danne dariya.

"Sannu da hanya," in ji shi. "Rabinka ya isa wurin yayanka. Yaushe sauran za shi tahi?"

Na ce rami ne.

"To ramin ma nasu na," ya ce.

Da magariba na je sabon masallaci. Can ma kallo. Wani dattijo ya dafa ni ya ce Allah ya fara shiryar da ni, in daure in ɗago ɗayan. Na ce ɗayan ba ya da abin riƙewa, na farkon ya tsaya sama da yawa. Ya ce Shaiɗan ke ja mini shi ƙasa.

Abin da na lura da shi ke nan. An ce mai sallah ya dubi wurin sujadarsa, amma kowa ya san inda hannun maƙwabcinsa yake. Kuma kowane masallaci ƙirga mutanensa yake kamar mai ƙirga awaki da yamma. Ni na zama akuyar da ba a san garkenta ba. Wata uku ana dariya, ni ma ina yi.

Sai maiɗakina ta haihu. Mace.

Dole in koma baya kaɗan. A shekarar dalma, lokacin da muke daka dutsen zinari a cikin gida ba mu san da guba a ƙurarsa ba, mun binne 'ya'ya biyu. Su ke nan gare mu. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. Shekara huɗu gidana ba kukan jariri. Wannan ita ce ta fari bayansu. Na sayi rago fari tun tana kwana biyu, na ɗaure shi a ƙofar gida kowa ya gani.

A wurinmu, ran kwana bakwai da hantsi malami ke raɗa wa jariri suna a yi addu'a, sannan a yanka rago. Na je wa Kawu na durƙusa.

"Allah shi raya," ya ce, bai ɗago daga tasbaharsa ba. "Amma tunda ka fara naɗe hannu, yayanka ya fi cancanta. Ban son shiga gonar wani."

Na je wa Yaya.

"Barka, barka," ya ce. "Sai dai na ga har yanzu kana tare da su Kawu. Kar a ce na ƙwace mishi mutum."

Kowannensu ya ɗauka na zaɓi ɗayan, kowannensu ya ji haushi ya ɓoye cikin ladabi. Kwana biyar, ga rago ga goro, ba mai raɗa suna. Maiɗakina ta daina cin abinci sosai. Ta ce ko yarinyar ma ba mai zama ba ce, shi ya sa. Wannan maganar ce ta tashe ni.

Ban iya dogon zance ba. Na samu Kawu a zaurensa, na ce, "Kawu, ranar da munka kai yaran nan biyu, kai ka yi musu sallah, Yaya na bayanka kafaɗa da kafaɗa da mutanenka. Ba wanda ya dubi hannun wani. Kun taru kan matattu biyu. Wagga mai rai ta. Jibi da hantsi." Na tashi. Na je na faɗa wa Yaya haka nan, ban ƙara ban rage ba.

Ranar suna Kawu ya riga kowa zuwa, da babbar rigarsa ta Juma'a da mutanensa. Can sai ga Yaya da nasa. Aka shimfiɗa tabarmi, waɗannan gabas waɗancan yamma, rago a tsakiya yana cin dusa.

Sai wata sabuwa ta taso. Da kowa na gudun aikin don fushi, yanzu kowa na tura shi don a ga ya fi kunya.

"Bismillah, Kawu."

"A'a, ku masu sabon karatu."

"Wane ni, gaban kawuna?"

"Ai lasifika gare ka, sunan zai fi nisa."

Mutane suka fara murmushi a ɓoye. Rana na hawa, kunu na hucewa. Sai muryar Inna ta fito daga bayan zana, ita da ba a jin ta a taron maza.

"Kai auta," ta ce wa Kawu, mai furfura har gemu. "Ni na goya ka. Raɗa mata suna. Kai kuma," ta ce wa Yaya, "ni na haife ka. Ɗauki wuƙa. Rago ya gaji da ku."

Dariya ta ɓarke gabas da yamma. Taubashina har da faɗuwa kan tabarma. Kawu ya gyara rawani ya ce, "To, yayata ta yi magana."

Ya tambaye ni sunan, na gaya masa a kunne. Sunan Inna ne, shi ya sa ba na faɗinsa. Ya bayyana shi ga jama'a. Ya ja addu'a doguwa irin tasu, wadda su Yaya ke cewa ta yi yawa. Na saci kallo. Yaya ya sunkuyar da kai yana amin, kuma tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya yanka rago da kyau, wuƙa ɗaya. Cikin gida mata suka rangaɗa guɗa.

Aka kawo waina da miya. Akushi babba ɗaya ne a gidana, ban kuma nemi aro ba. Na ajiye shi tsakaninsu na koma gefe. Suka dubi juna, suka wanke hannu. Kawu ya tura wa Yaya tsokar da ke gabansa, Yaya ya mayar masa, Kawu ya cinye.

Da azahar kowa ya tafi masallacinsa. Washegari mutanen tsohon masallaci suna cewa Kawu ne ya yi suna, Yaya mahauci kawai ya zama. Mutanen sabo suna cewa ba a yi suna sai da yanka, don haka nasu ne. Duka biyu sun zo in ba su gaskiya. Na ce ina da aiki. Na shiga gida na tarar maiɗakina ta cinye kwanon farfesu tana neman ƙari, yarinya na barci a gefenta, Inna na kora mata ƙuda tana kiranta takwara.