Ranar da Kawu Sirajo Ya Tsayar da Lodin Fetur

Wata rana da hantsi, motar wata jami'a ta tsaya a ƙofar wani defo na man fetur. Ɗalibai talatin da biyu suka sauko, duka masu karatun injiniyan man fetur, an kawo su su ga yadda aikin yake a zahiri.

Na ƙarshen saukowa wani magidanci ne, gemunsa ya fara furfura.

Mai gadi ya zaci shi ne malamin, har ya rusuna yana "barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Yaran suka ƙunshe dariya.

Shi ma ɗalibi ne kamar su. Sunansa Sirajo, shekararsa arba'in da uku. Kawu suke ce masa a aji, wasu don girmamawa, wasu don tsokana.

Kafin ya dawo makaranta, shekara goma sha bakwai ya yi yana lodin tankokin mai a wani defo, a wani garin daban. Duk sabon injiniyan da aka kawo, shi ake haɗa su ya nuna masa wane makunnin bututu ne na fetur, wane ne na kananzir. Bayan wata shida, yaron ya zama ogansa.

Haka aka yi har sau biyar.

A na shida ya koma gida ya ciro tsohuwar difilomarsa daga ƙasan akwati, ya ce wa matarsa Hindatu zai koma makaranta. Ba ta hana shi ba. Ta dai dube shi ta ce, "Baban Sa'a, in ka shiga, ka daure ka fito ta ƙofar gaba."

Wurin aiki suka yarda ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi kawai. Amma kujerarsa ta shugaban masu lodi, a satin aka ba wani. Ko da ya fasa karatun, babu inda zai koma sai ƙasa.

Sai ga shi karatun ya zo masa da abin da bai shirya wa ba.

Lissafi.

Rabonsa da shi shekara ashirin. A cika allo da alamomi, yara na gyaɗa kai, shi kuwa sai ka ce rubutun tsutsa aka ajiye masa. Ya faɗi darasin a zangon farko. Aka ce ya maimaita, aka kuma gaya masa in ya sake faɗuwa, makinsa ba zai bar shi ya zauna a sashen ba.

Mai koyar da darasin ita ce Dakta Balaraba, wadda ya girme ta da kusan shekara goma. Akwai ranar da ta kira shi gaban allo. Ya tsaya da alli a hannu, gumi na bin bayansa, har minti biyar bai rubuta ko ɗigo ba. Wani daga baya ya ce, "A taimaki Kawu, ƙafarsa za ta sage." Aji ya kwashe da dariya.

Daga ranar bai ƙara buɗe baki a aji ba.

Tsoro ya samu wurin zama a ƙirjinsa. Da shi yake tashi da asuba, da shi yake shiga masallaci. Tsoron ranar da zai koma defo abokan aiki su tare shi da "Injiniya, har an gama?" Tsoron ranar da 'ya'yansa za su ji cewa babansu, mai yi musu faɗa a kan sakamako, shi aka sallama daga makaranta.

Ranar da suka zo defon nan, saura sati uku jarrabawar. Shi kuwa ya riga ya yanke shawara ba zai shiga ba. Har ya je ofishin sashen ya tambayi yadda ake janyewa. Gara ya fita da ƙafarsa da a nuna masa hanya.

To, mu koma defo.

Aka karɓe wayoyinsu a ƙofa, aka raba musu hular kwano. Manajan wurin, wani ƙaƙƙarfan mutum mai babbar murya, ya zagaya da su wajen manyan tankunan ajiya, daga nan ya kai su rumfar lodi. Tankar mai ɗaya ce a ciki, ana cika ta da fetur. Mai lodin yana tsaye a samanta, riƙe da bututun da ke zuba man.

Rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Warin fetur ya kwanta a wurin ya ƙi tashi.

Manaja na bayani, yara na rubutu, Dakta Balaraba na gefe. Sirajo yana can baya kamar kullum.

Kunnensa ne ya fara ji.

In bututu ya sauka har ƙasan cikin tanka yadda ya kamata, mai yana shiga ne a hankali, da ɗan gurnani. Wannan kuwa ƙara yake kamar ana juye ruwa daga saman bene cikin duro. Bututun bai sauka ba. Fetur na faɗowa daga sama yana fantsama, kuma irin wannan zubar ce ke tara lantarki a jikin mota.

Ba komai, in ji shi a ransa, ai don haka ake maƙala waya.

Kowace tanka, kafin a fara mata lodi, akwai wata waya mai bakin ƙarfe da ake maƙala mata, ɗaya ƙarshen yana binne a ƙasa. Ita ke zuƙe lantarkin, kada ya taru ya yi tartsatsi.

Ya sunkuya ya leƙa ta tsakanin ƙafafun yaran.

Bakin wayar yana yashe a kan siminti, kusa da tayar baya. Ko mantawa aka yi, ko suɓucewa ya yi, Allah masani.

 

Ya san abin da ke biyo bayan wannan. Tartsatsi ɗaya, wanda ido ma ba zai gani ba, ya ishi rumfar da duk wanda ke ƙarƙashinta. Ya dubi yaran, wasunsu ba su cika ashirin ba. Ya dubi mai lodin a sama, wanda ko damar tsalle ba zai samu ba.

Sai wani tsoron ya taso ya danne wannan.

In kuma kuskure ya yi fa? In wannan defon suna da wata na'urar zamani da bai sani ba? Mutumin da ya kasa lissafin aji, shi ne zai katse manaja a gaban malamarsa? Ya ji dariyar ranar allo ta dawo masa sabuwa fil.



Ƙarar man tana ta sauyawa, alamar tankar ta fara cika.

Ƙafafunsa ne suka yi gaba kafin shi ya gama shawara. Ya ratsa yaran har gaban manaja.

"Yallaɓai, a kashe famfon nan."

Manajan ya dube shi daga hula har takalmi. "Kai wane ne da za ka tsayar min da lodi?"

"Ɗalibi ne, yallaɓai. Ka kore ni daga baya. Amma dubi wayarka a ƙasa."

Manajan ya juya.

Nan take fuskarsa ta sauya. Ya yi taku uku ya danna jan maɓallin da ke jikin ginshiƙi. Famfo ya mutu. Wuri ya yi tsit.

Mai lodin ya leƙo, ya ga wayar, ya rikice. Ya kama bututun zai zaro shi. A ƙasa kuma direban tankar ya taho da sauri zai ɗauki wayar ya maƙala, don a ce dama tana nan.

"Kada ku taɓa," in ji Sirajo. Muryarsa rawa take, amma kowa ya ji. "Lantarkin yana nan bai sauka ba. In ƙarfe ya gogi ƙarfe yanzu, mun tafi. Ɗan'uwa, saki bututun, ka ja da baya a hankali, ka sauko ta matakalar rumfa."

Direban ya ƙame da hannu a miƙe.

Dakta Balaraba ta juya ga ɗalibanta. "Ku fita ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya yi gudu."

Suka fita suna sanɗa kamar masu tsoron tada maciji. Wata tana ta innalillahi ƙasa-ƙasa. Wani littafinsa ya faɗi, bai tsaya ɗauka ba.

Sirajo bai bi su ba sai da mai lodin ya sauko. Matakala goma sha biyu, yana bin kowace ɗaya da ido.

Suka tsaya can nesa a jikin katanga suna kallon tankar. Tururin fetur na rawa a samanta cikin rana. Sai da aka yi kusan rabin awa, aka tabbata komai ya lafa, sannan 'yan kwana-kwanan defon suka matsa da kayansu, aka maƙala wayar, aka gyara bututun.

Babu abin da ya tashi.

A nan ne Sirajo ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hular, aka miƙo masa ruwa. Manajan ya zo ya tsuguna a gabansa, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya saka maka," in ji manajan.

A hanyar komawa, Dakta Balaraba ta bar kujerarta ta gaba, ta zo ta zauna a wadda ke tsallaken tasa.

"Malam Sirajo, ina ka san wannan? Ba a kai ku nan ba a darasi."

Ya juyo daga kallon taga.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan, Dakta. Ina wucewa na ga waya a ƙasa kamar ta yau. Oganmu yana tsaye a wurin, na ce a raina ai ya fi ni sani, kada in yi katsalandan. Ban kai ofis ba na ji ƙarar fashewa."

Ya ci gaba.

"Bashari ne a saman tankar. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Ni aka aika na gaya wa mahaifiyarsa rasuwarsa."

Suka wuce ƙauye biyu.

Sannan Dakta Balaraba ta ce, "An ce min ka je ofis kana tambayar takardar janyewa."

Ya ce haka ne.

"Ba zan ƙara maka maki ko ɗaya ba saboda abin da ya faru yau," in ji ta. "Amma kullum ina ofis daga azahar zuwa la'asar. Ka zo da tambayoyinka, ko sun kai ɗari. Abin da ka sani, ni a littafi kawai na karanta shi. Wanda ya rage maka kuwa, koyuwa yake."

Ya je. Kullum, har sati uku.

Ranar jarrabawa tsoron bai bar shi ba. Sau biyu biro yana suɓuce masa. Tambaya ta huɗu ko gane inda ta dosa bai yi ba. Amma ya zauna har aka ce a ajiye alƙalami.

Da sakamako ya fito, makinsa shi ne mafi ƙanƙantar da ake wucewa da shi. Ya tsaya a gaban allon sanarwa yana bin layin da yatsa, sau uku, don kada ya zama na wani ne.

Nasa ne.

Bana yake shekarar ƙarshe. Har yanzu lissafi na ba shi wuya, har yanzu gabansa na faɗuwa duk lokacin da jarrabawa ta matso. Yana dai shiga.

Darasi:

Shekarun da ka yi kana aiki ba su tafi a banza ba, ilimi ne da ba a ba ka takardarsa ba tukuna. Kada kunyar zama aji ɗaya da ƙannenka ta hana ka komawa karatu.

Kuma in ka ga abin da zai cutar da mutane, ka yi magana ko da muryarka na rawa. Dariyar da kake gudu kwana biyu take a manta da ita. Shiru kuwa, wani lokacin, mutum har kabari yake tafiya da nauyinsa.

In ka san wani da ya ajiye karatu yana cewa lokaci ya wuce masa, ko wani da ke aji yanzu yana tunanin guduwa, tura masa wannan. Wataƙila yau ce ranar da yake bukatar jin sa.