Aljihun da Ya Riƙe Mini Harsashi a Hanyar Abala

Kafin in sa kakin ɗan sanda mushen lakwal ne ni, wato malamin makaranta, ina koyar da lissafi a wani ƙauye kusa da Tabla. Har na shiga aiki abokaina ba su daina kirana Mushe ba, musamman idan na yi tambayar da ba a so. A lokacin, aikinmu raka motocin 'yan kasuwa ne daga Filinge zuwa Abala, kowa da bindigarsa kalash. Gidajen harsashina na ajiya suna cikin wata jakar fata da baduku ya ɗinka mini, a kugun hagu, inda hannu ke kaiwa ba sai ido ya raka shi ba.

Sai aka kawo mana kyautar riguna masu aljihuna a ƙirji, daga wasu masu alheri da ba su taɓa ganin bindigarmu ba. Aljihunan miƙaƙƙu ne, don wata bindiga aka yanka su, gidan harsashin kalash kuwa a lanƙwashe yake kamar lauje. Na gaya wa shef ɗinmu, shugaban ayarin, ko ɗan aji biyu ya san wannan ba ya zama cikin wancan. Ya ce nan ba lakwal ba ne, kuma jakata ta mai da ni kamar mai tallan magani a kasuwar Damana. In cire ta, in tura gidajen cikin aljihunan da ƙarfi, ƙyalle zai saki. Masu kyautar suna tafe ɗaukar hoto, yana son ƙirjin kowa ya yi daidai da na ɗan'uwansa. Masu wayonmu suka cika aljihunan da shayi da dabino, suka soke harsashi a wando. Ni da nake gudun a ce na cika gardama, na danna nawa da tafin hannu har suka shige.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, muna gangarawa wani busasshen rafi masu babura suka buɗe mana wuta. Muka dire, muka kwanta rub da ciki. Gidan farko ya ƙare, na kai hannu, sai na ga ai a kan sauran nake kwance. Na mirgina na ja, na sake ja, aljihun ya ƙi saki. Kusa da ni akwai wani dattijon abokin aiki da duk muke kira Kawu. Da ya ji bindigata ta yi shiru, ya ɗago kan gwiwa don ya jefo mini nasa. A nan harsashi ya same shi a cinya. Da motar da ke bayanmu ta iso maharan suka janye. Kawu ya rayu, amma ƙafar ba ta dawo tare da shi ba.

Abin da har yau ke tafasa mini zuciya shi ne bayanin shef. Ya ce wa jama'a tsoro ne ya kama ni, hannun da ya saba da alli ba ya sauri. Na miƙa masa rigar na ce ya zaro da kansa. Ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, bai iya ba. Na sa wuƙa na farke aljihun a gabansa, sai ya ce na ɓata kayan aiki. Kawu kuwa daga gadon asibiti ya ce in bar zancen, ƙaddara ce, in dai kawo masa goro. Na yarda da ƙaddara, amma na san wanda ya ba da umarni, na kuma san wanda ya bi.

Ga 'yan'uwana masu ɗaukar bindiga, duk abin da aka rataya muku, ku kwanta a ƙasa ku gwada shi da ido a rufe kafin ku hau mota da shi. Idan ya ƙi, ku faɗa, ku sake faɗa, ko za a kira ku marasa ladabi. Ni sau ɗaya na faɗa na yi shiru. Yanzu idan na hangi Kawu yana dogara sanda a kasuwar Filinge, shi ke riga ni gaisuwa, yana tambayar iyali, ni kuma ƙasa nake kallo.